Mata a Majalisar Daraktoci: Ado Ne Ko Amana?

Masu iya magana sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Wannan magana ita ce ginshiƙin duk wata doka da ta shafi kamfani mai hannun jari, ko da yake lauyoyi ba za su yarda su faɗe ta da wannan lafazi ba. Dubban mutane ne ke tara kuɗinsu wuri guda, tun daga ɗan fansho da ya sayi hannun jarin naira dubu goma har zuwa attajirin da ya zuba miliyoyi, sa'annan su danƙa wa manaja ya juya musu. Da yake ba zai yiwu su taru kullum su ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita ba, sai su zaɓi wasu mutane ƙalilan su zame musu ido da kunne. Waɗannan su ake kira majalisar daraktoci. Su ke naɗa manajan darakta, su yanka masa albashi, su amince da manyan basussuka, su duba littattafan kuɗi, in kuma ta kama su sallame shi. A taƙaice, su ne masu gadin nama, kuma aikin mai gadi ba ya wuce ya iya cewa a'a.

Abin da muke da'awa a wannan maƙala shi ne, majalisar da ta ƙunshi maza zalla, waɗanda suka yi makaranta ɗaya, suke zuwa kulob ɗaya, suke aurar da 'ya'yansu ga juna, ba ta iya cewa a'a. Don haka ya wajaba doka ta tilasta a buɗe wa mata ƙofa. Amma muna ƙarawa da cewa buɗe ƙofar ba zai tsinana kome ba muddin masu gidan ne za su zaɓi wadda za ta shigo daga cikin danginsu da 'yan korensu.

Darasin shekarar 2009

Ba sai mun tafi wata uwa duniya neman misali ba. Ranar 14 ga Agusta 2009, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, wato Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, ya kuma zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe da ajiyar jama'a. A watan Oktoba na wannan shekarar aka sake sauke shugabannin wasu bankuna uku, aka ƙara naira biliyan 200. Jimilla ke nan naira biliyan 620, a ƙasar da ɗaliban jami'o'inta ke ɗaukar lacca a tsaye saboda ƙarancin kujeru.

Tambayar da ta kamata mai karatu ya yi ita ce, ina daraktocin waɗannan bankuna suke lokacin da ake wannan ɓarna? Kowane banki daga cikinsu yana da majalisa, yana da shugaban majalisa mai babbar riga ko kwat, yana da kwamitin binciken kuɗi. Suna zama, suna karɓar kuɗin zama, suna sa hannu a rahoton shekara. A laccar da Malam Sanusi ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a watan Fabrairu 2010, ya sanya gazawar waɗannan majalisu cikin manyan dalilan da suka jawo rikicin. Ya nuna cewa wasu daraktocin manajoji sun yi wasa da hankalinsu, wasu ba su da ilimin da za su sa wa manajojin ido, wasu kuwa da kansu suke karɓar bashi daga bankin ba tare da jingina ba. To, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Daraktan da bankin ke bin sa bashin miliyoyi, da wane baki zai tuhumi manajan da ya sa hannu aka ba shi?

Wannan ita ce cutar, kuma sunanta mu-ya-mu. Idan mutum goma sha biyu suka zauna a teburi ɗaya, kowannensu yana jin nauyin ɗan'uwansa, sun ci abinci a gidajen juna, sun halarci bukukuwan juna, to tambaya mai ɗaci takan zama rashin kunya. Majalisa sai ta koma taron 'yan amshin Shata. Maganin wannan cuta kuwa shi ne a shigo da wanda ba ya cikin da'irar, wanda ba ya jin nauyin kowa a teburin. Idan muka duba ƙasar nan, wane rukuni ne mafi girma da aka bari a bakin ƙofa in ba mata ba, waɗanda su ne kusan rabin al'umma?

Hujjojin masu adawa

Hujja ta farko da akan kawo ita ce, wai babu ƙwararrun mata. Wannan magana ta tsufa har ta yi furfura. Tun a 1984 Bola Kuforiji-Olubi ta zama shugabar majalisar daraktocin bankin UBA, a 1989 kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa. Ndi Okereke-Onyiuke ta riƙe kasuwar hannun jari ta Nijeriya daga 2000 zuwa 2010. Arunma Oteh ta shugabanci hukumar da ke sa ido a kan wannan kasuwa daga 2010 zuwa 2015. Sarah Alade ta yi shekara goma tana Mataimakiyar Gwamnan Babban Banki, har ta riƙe gwamnan na wucin gadi a 2014. Daga Arewa, Zainab Shamsuna Ahmed ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 2018 zuwa 2023, Aishah Ahmad ta zama Mataimakiyar Gwamnan Babban Banki a 2018, Halima Buba kuma ta zama manajan daraktar bankin SunTrust a 2020. A shekarar 2021 kaɗai, mata sun hau kujerar manajan darakta a bankunan Fidelity da FCMB da GTBank, sa'annan Adaora Umeoji ta karɓi ragamar bankin Zenith a 2024. Ƙasar da ta ba Ƙungiyar Ciniki ta Duniya Ngozi Okonjo-Iweala a 2021 ba ta da hurumin cewa ta rasa macen da za ta iya karanta lissafin kamfanin siminti ko na inshora. Duk mai cewa ya nema bai samu ba, a tambaye shi inda ya nema. Galibi za a tarar a jerin lambobin da ke cikin wayarsa ya duba.

Hujja ta biyu ita ce cancanta. Sukan ce a bar cancanta ta yi aikinta, kada a cusa kowa saboda jinsinsa. Magana mai daɗin ji, da a ce da ma cancanta ce ke aiki. Amma wace jarrabawa ce daraktocin 2009 suka ci? A wace jarida aka yi tallar kujerunsu? Abin da aka saba shi ne shugaban majalisa ko mai jari mafi tsoka ya ambaci sunan wani aminin nasa, tsohon janar ko tsohon babban sakatare ko basarake, a kai sunan babban taron shekara, a ɗaga hannu, a raba wa mahalarta laima da abinci, a watse. Ba mu taɓa jin an tashi haiƙan ana kare cancanta ba sa'ad da ake naɗa irin waɗannan. Sai an ambaci mace ne kowa ke tuna cewa akwai wata aba wai ita cancanta. Biri ya yi kama da mutum.

Hujja ta uku ta fi shafar mu Hausawa, ita ce ta al'ada. Wasu daga cikinmu na ganin harkar manyan kuɗi ba ta mata ba ce. Alhali kuwa duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wadda ake kira uwar adashi. Mata ashirin ko talatin za su danƙa mata zubinsu mako-mako, ba takarda ba lauya, ita ke tuna wadda ta zuba da wadda ta yi jinkiri, ita ke tsara kwasa, ita ke fuskantar wadda ta kwasa ta nemi zillewa. In wannan ba riƙon amanar dukiyar jama'a ba ne, mene ne shi? Daɗin daɗawa, shari'ar da mafi yawanmu ke bi ta tabbatar wa mace mallakar dukiyarta, mijinta ba shi da iko a kai sai da yardarta. Tana da damar sayen hannun jari, kuma tana saye. Tun bayan dokar fansho ta 2004, ana yankar wani kaso daga albashin malamar makaranta da na ungozomar asibiti, kamfanonin fansho su juya shi, wani ɓangare kuma a hannun jarin waɗannan kamfanoni yake ƙarewa. Kuɗinta halal ne a cikin asusu, amma zamanta a teburin da ake yanke hukunci a kan kuɗin shi ne abin kunya? Wannan ba al'ada ba ce, son kai ne aka yi wa rawani.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Za su ce, ai cikin shugabanni biyar da aka sauke a 2009 har da mace, Cecilia Ibru ta bankin Oceanic, wadda a watan Oktoba 2010 ta amsa laifi a gaban kotu, aka yanke mata ɗaurin wata shida, aka kuma ƙwace kadarorin da kuɗinsu ya haura dala biliyan 1. Gaskiya ne. Amma wannan hujja tana rushe maganar wanda ya ce mata mala'iku ne, mu kuwa ba mu faɗi haka ba. Bilhasali ma, labarin nata yana ƙarfafa abin da muke faɗa. Bankin Oceanic iyalin Ibru ne suka kafa shi, ita kuma matar gidan ce. Ba daga waje ta shigo ba, 'yar cikin da'ira ce tun asali, kuma majalisar da ya kamata ta taka mata burki ba ta taka ba. Abin da ya kamata a koya daga nan shi ne, ɗaurin kallabi ba ya hana ɓarna idan mai kallabin da masu gadinta tuwona maina ne.

Abin da Norwe ta gwada

Da yake masu adawa kan ce tilasta wa kamfanoni zai ruguza su, ya dace mu duba ƙasar da ta fara gwadawa. A watan Fabrairu 2002, ministan ciniki da masana'antu na ƙasar Norwe, Ansgar Gabrielsen, wanda ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ne, ya shaida wa wata jarida cewa ya gaji da kulob ɗin maza da ya mamaye majalisun kamfanoni. A lokacin, mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na daraktocin manyan kamfanonin ƙasar ba. A 2003 majalisar dokoki ta zartar da doka cewa kowane jinsi ya samu aƙalla kashi 40 cikin 100 na kujeru. Da farko an bar kamfanoni su cika da kansu, ba su cika ba. Sai dokar ta zama tilas daga Janairu 2006, aka ba su shekara biyu, aka kuma ce wanda ya ƙi, kotu za ta rushe shi. Kafin shekarar 2008 ta ƙare an cika kason, ba a kuma rushe kamfani ko ɗaya ba. Ƙwararrun matan da aka rantse babu su, da aka ga bulala sai ga su sun bayyana.

Masana sun bi sawun wannan doka. Binciken da Marianne Bertrand da abokan aikinta suka buga a 2019 ya nuna cewa matan da aka naɗa bayan dokar sun fi waɗanda aka naɗa kafinta ilimi da gogewa, wato tilas ɗin ta sa kamfanoni sun fita neman gwanaye a inda da ba sa dubawa. Amma binciken ya kuma nuna cewa amfanin bai gangaro sosai zuwa ga sauran mata ma'aikata da ke ƙasa ba. Ban da wannan, wasu kamfanoni sun sauya rajistarsu zuwa nau'in da dokar ba ta shafa ba, sa'annan aka sami wasu 'yan mata ƙalilan da suka tara kujeru da yawa a hannunsu, har 'yan jarida suka laƙaba musu suna masu siket ɗin zinariya. Duk da haka Norwe ba ta janye ba. Faransa ta bi sahu da dokar 2011 mai kashi 40, Tarayyar Turai kuma, bayan shekara goma ana jayayya, ta zartar da tata a 2022, wadda ta ƙayyade ƙarshen watan Yuni 2026 a matsayin wa'adi, ta kuma wajabta wa kamfanonin da ba su cika ba su bayyana ma'aunin da suke zaɓen darakta da shi.

Mun san cewa a Amurka iska ta juya. Kotu ta soke dokar jihar Kalifoniya ta 2018 a shekarar 2022, wata kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke ƙa'idar kasuwar Nasdaq a Disamba 2024. Waɗannan hukunce-hukunce a kan tsarin mulkin jiha da iyakar ikon hukuma suka tsaya, kuma ba dole ba ne duk rawar da Amurka ta taka mu ma mu taka.

Gargaɗi ga 'yan ɓangarenmu

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai hujjar da masu goyon bayan mata ke yawan kawowa wadda muke ganin rami ce suke haƙa wa kansu, wato cewa sanya mata a majalisa yana ƙara riba. Binciken masana bai tsaya a kan haka ba. Renée Adams da Daniel Ferreira, a nazarin da suka buga a 2009 a kan kamfanonin Amurka, sun gano cewa mata daraktoci sun fi maza halartar zama, sun fi shiga kwamitocin sa ido, mazan ma kan gyara halartarsu idan akwai mata a teburin, kuma manajan da ya gaza ya fi saurin rasa kujerarsa. Amma ba su gano cewa riba na ƙaruwa a kowane kamfani ba, a wasu ma akasin haka suka gani. Saboda haka wanda ya kafa hujjarsa a kan riba, ranar da riba ta faɗi sai a ce masa ga matan naka nan. Ba a taɓa neman namiji ya tabbatar da cewa jinsinsa na jawo riba kafin a ba shi kujera ba. Abin da binciken ya tabbatar shi ne sa ido, shi ne kuwa abin da muka rasa a 2009.

Rami na biyu shi ne ado. A 2012 Kwamitin Shugabannin Bankuna, ƙarƙashin jagorancin Babban Banki, ya ɗauki alkawarin cewa kafin ƙarshen 2014 mata za su riƙe kashi 30 cikin 100 na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan muƙaman gudanarwa. Wannan yunƙuri ya yi tasiri, shi ya sa a yau harkar banki ta yi wa sauran sassa zarra. Amma alkawari ne na 'yan sana'a ɗaya, ba dokar majalisa ba. Kundin ƙa'idojin tafiyar da kamfanoni na 2018 ya ambaci jinsi cikin abubuwan da ya kamata a lura da su, sai dai bai yanka adadi ba. Ƙa'idojin Babban Banki na 2023 sun hana majalisar banki ta zama ta jinsi ɗaya zalla. Madalla, amma mace ɗaya tak ta isa a cika wannan sharaɗi. A zaunar da ita a tsakiyar hoton rahoton shekara, a ba ta kwamitin jin daɗin ma'aikata ko na tallafa wa al'umma, kwamitin bashi da na binciken kuɗi kuwa su ci gaba da zama a hannun masu gida. Idan kuma ɗiyar mai kamfanin ce ko matar amininsa, to an cika sharaɗi, da'ira kuma ko gezau ba ta yi ba. Mace ɗaya cikin maza goma sha ɗaya, in ta yi magana a ce mata sun faye ƙorafi, in ta yi shiru a ce da ma ba ta san kome ba.

Abin da muke nema

Muna neman abu huɗu, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ƙasar nan a cikinsu. Na farko, a yi doka ta majalisa wadda za ta wajabta wa duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari, da duk kamfanin gwamnati, cewa kowane jinsi ya riƙe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujeru, da wa'adi sananne da hukunci mai ciwo. Na biyu, a ƙirga wannan kaso daga cikin daraktoci masu zaman kansu, waɗanda ba dangin masu babban jari ba ne, ba kuma masu cin bashin kamfanin ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta riga ta wajabta samun irin waɗannan daraktoci a kamfanonin jama'a, ta kuma hana mutum ɗaya zama darakta a fiye da kamfanonin jama'a biyar, don haka akwai harsashin da za a ɗora gini. Na uku, a riƙa tallar kujerar darakta a fili kamar yadda ake tallar kujerar shugaban jami'a, da sharuɗɗa a rubuce, don mai digirin akanta da ke Gusau ko Yola wadda ba ta san kowa a Ikko ba ita ma ta ji labari. Na huɗu, kowane kamfani ya bayyana a rahotonsa ko su wa ke zaune a kwamitin bashi da na binciken kuɗi, domin a nan ne iko yake.

Ba mu jahilci irin majalisar dokokin da muke roƙo ba. Ita ce a watan Maris 2022 ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, kuma a majalisar dattawa ta 10 mata 4 ne kacal cikin sanatoci 109. Amma Babban Banki da hukumar kasuwar hannun jari da hukumar fansho suna da ikon kafa ƙa'ida ba sai sun jira kowa ba, kuma masu hannun jari suna da ƙuri'a a babban taron shekara, in sun ga dama su yi amfani da ita maimakon su karɓi laima su koma gida.

Ga ɗalibanmu mata kuwa, masu karanta lissafin kuɗi da shari'a da tattalin arziki da injiniya, kai har da ku masu nazarin harshe da adabi, muna cewa ku koyi karanta rahoton kuɗin kamfani kamar yadda kuke feɗe waƙa baiti-baiti. Wata rana za a kira ɗayarku a ba ta kujera. Ranar nan ta tambayi wane kwamiti za a sa ta, ta nemi ganin jerin basussukan da aka ba daraktoci da danginsu, ta kuma ƙi sa hannu a kan abin da ba ta karanta ba. In ta yi haka, kujerar ta zama amana. In kuwa ta zauna ta yi amshi tare da sauran, to an ƙara yawan masu rabon naman ne kawai, malamar makarantar da aka yanki fanshonta kuma har yanzu ba ta da mai gadi.